Kaka Ta Ce a Binne Ta a Tsakar Gida

Ranar da aka zauna makokin Kaka, matan da suka zo gaisuwa sun rasa wa za su yi wa. Maza dai sun san wurinsu, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ɗanta babba yana zaune ana miƙa masa hannu. A ciki ne abin ya rikice. 'Ya'yanta mata biyu suna zaune a bakin ɗakinta, ido ya yi ja amma sun daure. Mu kuwa 'yan haya, mu biyar da ba mu haɗa jini da ita ba, mu ne muka cika gidan da kuka. Maman 'yan biyu, maƙwabciyar ɗakina, Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta zube a ƙasa tana kiran Kaka da yarensu, an ɗaga ta ta koma, an sake ɗagawa ta sake komawa. Wata a cikinmu kukan ma ya ƙi zuwa, sai ta samu tukunya ɗaya ta yi ta dirza har aka ƙwace.

Ina raba ruwa na ji wata daga dangin surukar Kaka ta sunkuya ta ce wa ta kusa da ita, “Waɗannan ba tsohuwa suke yi wa kuka ba, ɗaki suke yi wa.”

Na ji ta sarai. Da a ce ba gidan rasuwa ba ne da ta ji bakina, don ni ba na barin magana ta kwana. Amma na miƙa mata kofinta na wuce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. Na yi kukan Kaka, na yi kukan ɗaki, kuma har yau ban iya raba su ba.

Mijina birkila ne. Ya faɗo daga bene a wani gini cikin gari, abokan aikinsa suka kawo mini shi a bayan mota. Ya bar ni da yara uku, ƙaramar tana goye. Komawa gida ba ta taso ba, iyayena sun rasu, waɗanda suka rage a ƙauyenmu ma gudowa suke yi. Mai gidan da muke haya ya yi haƙuri har na fita takaba, sannan ya ce ɗan'uwansa zai shiga ɗakin. Daga nan na fara yawon neman ɗaki a bayan Lugbe, can gefen Abuja. Ko'ina na je tambaya ɗaya ce: “Ina oga?” In na ce ya rasu, sai a yi mini Allah ya ji ƙansa, a ce an riga an kama ɗakin. Wani ma bai ɓoye ba, ya ce ba ya ba mace mara miji ɗaki, don ba ya son a mayar masa da gida tasha. A gaban ɗana ya faɗa.

Wata mai tuyar ƙosai ce ta ce in je gidan tsohuwar Bagwariya, can inda katangar manyan gidaje ta ƙare. Na tarar da ita ta dawo daga itace, ta ɗora damin a kafaɗa yadda matansu suke yi, ba a ka ba. Ta jefar da shi, ta dube ni sama da ƙasa.

“Kai ne mai neman ɗaki?”

Na waiga in ga ko da namiji a bayana. Hausar Kaka ke nan, mace da namiji duk “kai” ne a wurinta, kuma a haka ta bar duniya.

“Yara nawa?”

Na ce uku.

“Akwai mai fitsarin kwance?”

Na ce ɗaya, kunya kamar ƙasa ta tsage.

“To ɗakin ƙarshe. Can rana yake bugawa, tabarma zai bushe.”

Na fara ba ta labarin mijina, don na saba sai na yi bayani. Ta ɗaga hannu ta ce, “Ban tambaye ka ba. Da yana nan, da ba ka zo gidana ba.”

Kada wani ya ɗauka aljanna muka shiga. Ginin ƙasa ne aka shafa masa siminti, kwanon rufin ya tsufa, da damina duk wani mazubi da muke da shi sai ya kwana yana tarar ruwa. Ɗaki ɗaya ni da yara uku, nan ne wurin kwana, nan ne wurin ajiyar gawayi. Masai ɗaya ne ga mata biyar da tulin yara, da safe sai an yi layi ana faɗa. Ruwa sai na 'yan garuwa, ranar da babu abin saye, wanka sai a ɗaga shi zuwa gobe. Dukanmu babu mai miji: biyu mazan sun mutu, biyu an sake su, Maman 'yan biyu kuma nata ya tafi neman aiki Legas bai ƙara waiwayowa ba. Babu namiji baligi ko ɗaya a gidan. Mutanen unguwa suna ce masa gidan zawarawa, kuma ba da daɗin baki suke faɗa ba.

Kaka ba waliyyiya ba ce. Tana shaƙar taba gari, tana da baki, yaron da ya taɓa mata mangwaro ɗanye ya san sauran. In ta tashi maganar haya har maƙwabta sai sun ji, ta yi ta faɗa tana cewa mu muka hana ta arziki. Washegari kuma ka gan ta tana zagaya murhunmu. Wannan ɗabi'ar tata ban taɓa ganin irinta ba. Da la'asar sai ta bi ƙofa ƙofa kamar mai neman kazarta, ta sunkuya ta taɓa duwatsun murhu da bayan hannu. Wanda ta ji da sanyi ta san ba a ɗora komai ba ranar. Can anjima sai ta fito da doya a kafaɗa, ta dire a ƙofar tana tsaki: “Doyan nan zai lalace mini, ku taimake ni ku cinye.” Doyar lafiyarta lau. Wata rana na hura wuta da 'yan ƙirare don kawai duwatsun su yi ɗumi, saboda kunyar karɓa ta ishe ni. Ta taɓa, ta buɗe tukunyar, ta ga ruwa ne zalla. Ta ce, “Ni za ka yi wa wayo? Na girmi uwarka.”

Faɗanmu babba da Kaka a kan kwaɗon ƙofa ne. Wanki da guga nake yi a manyan gidajen nan, wani lokaci har cikin Wuse, in fita tun duhun asuba in dawo bayan magariba. A inda na fito na saba kulle yara a ɗaki in tafi da makulli, in bar musu gari da ruwa. Ba mugunta ba ce, duk macen da take ita kaɗai ta san wannan, ko ki kulle su ko ki dawo ki tarar da abin da ba ki so. Satina na farko a gidan na yi haka. Na dawo na tarar da ƙofata a wangale, kwaɗon yana ƙasa a karye, yarana suna gindin mangwaro suna cin dafaffiyar gyaɗa. Da taɓarya Kaka ta fasa shi.

Raina ya ɓaci. Na ce, “Kaka, haya nake biya, ɗakina ne, yarana ne. In wani abu ya same su ke za ki biya ni?”

Ta ce, “In wuta ya tashi fa? Kai kana Wuse kana guga rigar wani.”

Na ce ban da yadda zan yi.

Ta ce, “Ni mene ne a nan, turmi? A gidana ba a kulle mutum. Akuya ma ina sake shi.”

Na yi kwanaki ba na gaishe ta. Ita ko a jikinta. Kullum na fita sai ta kwashe yaran zuwa gindin mangwaro tare da na sauran. Haka ta raini yaran gidan nan kaf, tana zaginsu da Gwaranci tana share musu majina. 'Yata ƙarama da yaren Kaka ta fara magana kafin Hausa. Kwaɗon kuwa ba ta biya ni ba, ni ma ban sake saye ba.

Duk inda manyan gidajen nan suke, gonakin su Kaka ne a da. In muna tafiya tare takan nuna da haɓa ta ce, “Wancan mai jan rufi, gyaɗa nake shukawa a falonsa.” Tana faɗa tana dariya, amma dariyar ba ta kaiwa ido. An karɓe gonar tun mijinta yana da rai, abin da ya rage mata shi ne gidan nan da ɗan fegi a bakin rafi inda take samun doyar. Shekarar da 'yan rusau suka shigo unguwa da jan fenti, ta fito da turmi ta kife a ƙofar gida ta zauna a kai. Suka yi mata Turanci, ta mayar musu da Gwaranci. Daga baya aka ce gidajen 'yan ƙasa a bar su tukuna, sai an sama musu wani wuri. Gidajen da ke dama da hagu suka tafi, namu ya tsaya. Tun ranar muka san ba kwano ne ya rufe mu ba, tsohuwar nan ce.

Ɗanta babba kuma yana nan yana zuwa daga Gwagwalada. Zan faɗi gaskiya a kansa, don ba mugu ba ne. Direba ne a wani ofis aka sallame shi, yana da yara bakwai, shi ma haya yake yi, matarsa ba ta rabuwa da asibiti. In ya zo sai ya durƙusa ya ce, “Mama, ki bari a sayar tun ana saye. In kika jira za su karɓe kyauta kamar yadda suka karɓe gona. Ki dawo wurina, ga asibiti kusa.” Ƙafafunta sun riga sun fara kumbura a lokacin, numfashi yana yi mata wuya. Sai ta ce, “In na tafi, waɗannan fa?” Ya ce, “Mama, su ba 'ya'yanki ba ne.” Ta ce, “Na sani. Ba su da wanda zai zo ya durƙusa musu kamar kai.” Haka suke rabuwa kullum, shi ya tafi da ɓacin rai, ita ta wuni ba ta magana.

Ta san ranar da ta rufe ido za a sayar. Ba ta yaudari kanta ba. Shi ya sa ta yi ta juya abin har ta samo dabara. Akwai wani fili a bayanmu da magada suka daɗe suna neman mai saye ba su samu ba, saboda kabarin ubansu yana ciki, yadda mutanensu na da suke binne manya a gida. Duk mai kuɗin da aka kawo, da ya ga tudun sai ya koma motarsa. Kaka ta lura da wannan. Wata Juma'a da yamma ta tara mu mu biyar a gindin mangwaro, ta ɗauki sandarta ta ja layi a ƙasa.

“Nan za a sa ni. Ba maƙabarta ba, nan.”

Muka ce haba Kaka, Allah ya ja kwana.

Ta ce, “Ku bar Allah ya ja kwana, ku ji magana. Mutanen Abuja suna tsoron kabari. In ina ciki ba mai saye. Ɗana ma ba zai sayar da uwarsa ba. Ku zauna har yara su girma. Ku ne shaida.”

Maman 'yan biyu ta fashe da kuka. Ni kuwa na ce, “Kaka, ki faɗa wa ɗanki, shaidarmu ba ta zuwa ko'ina.” Ta faɗa masa a gabana da ya zo. Ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Mama.” Na san irin wannan to ɗin, ni ma na sha yi wa matan da nake yi wa wanki.

Da hantsi ta rasu, cikin zafin bazarar da ta wuce. Ranar ban fita ba saboda jikinta, na kai mata kunu na tarar ta jingina da bango, sandarta a cinya. Na rufe mata ido, na kira ɗanta a waya. Daga Gwagwalada zuwa wurinmu akwai tafiya, ga cunkoson hanya. Muka dubi juna. Kowa ta san in ya iso babu rami, magana ta ƙare.

Na ruga wurin samarin da suke haƙar kabari a unguwa. Suka ce sai mai gawa ya ce. Na ce ita mai gawar da bakinta ta ce. Suka ce, “Hajiya, ina namijin gidan?” Na wuce wurin liman. Ya saurare ni har na gama, ya yi mata addu'a, sannan ya ce cikin taushi, “Maganar gawa ta magada ce, baiwar Allah. Ku jira ɗanta.” Kaka ta yi tunanin masu saye, ta yi tunanin ɗanta, abu ɗaya ta manta: a gidan da babu namiji babu mai haƙa kabari.

Na dawo na tarar Maman 'yan biyu ta ɗauko galmar Kaka. Ban taɓa jin inda mata suka haƙa kabari ba, a addininmu ko a na su Maman 'yan biyu. Ban tsaya tambayar ko ya halatta ba. Na ɗaure zanina na ɗauki fartanya. Ƙasar ta bushe ƙam, ga saiwoyin mangwaro ko'ina, sai mun sara da adda. Biyu suna haƙa, uku suna kwasa da kwanukan abinci, in hannu ya fashe a canja. Maƙwabta suka taru a kan rusasshiyar katanga suna kallo, wasu suna salati, babu wanda ya sauko. Ramin ya kai mini gwiwa lokacin da muka ji tsayuwar mota.

Ɗan Kaka ya shigo da ƙannensa mata biyu. Ya ga ramin, ya gan mu buɗu-buɗu da ƙasa. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya masa. Sai ya tsuguna a bakin ramin ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa.

Na ce, “Yaya, ka san abin da ta ce. A gabana ta faɗa maka.”

Ya ce, “Na sani.”

Maman 'yan biyu ta fito daga ramin ta kama ƙafarsa. “Oga, don Allah. Ba mu da inda za mu je.”

Ya ce, “Ku tashi, don Allah ku tashi. Hukuma ma ba ta yarda a binne mutum a gida yanzu.” Sannan ya faɗi ta gaskiyar. “In na sa ta a nan, na binne gidan tare da ita. Kuna da yara, ni ma ina da yara. Wannan kaɗai ta bar mana.”

Na dubi ƙannensa ko ɗaya za ta ce wani abu. Babbar ta kau da kai, ƙaramar ta shige ɗaki. Ban ga laifinsu ba, su ma na san gidajen da suke aure.

Ni da babbar muka yi mata wanka, hannuna duk ƙuraje sun fashe. Aka sallace ta a ƙofar gida bayan azahar, aka sa ta a mota. Mata ba sa raka gawa, a bakin zaure muka tsaya. Har yau ban san ta wane gefen maƙabarta aka sa ta ba.

Ramin kuwa dole muka mayar da ƙasarsa kada yara su faɗa. Ƙasar da aka haƙa ba ta komawa daidai, sai ta yi tudu, dogo, a daidai inda ta ja layi. Yara suka daina wasa a wurin. Wata safiya na ga Maman 'yan biyu ta jera duwatsu ta kewaye shi. Babu wadda ta cire su. Kowa ta san abin da muke fata.

Bayan sadakar arba'in ɗanta ya kawo mai saye, wani dattijo mai farar mota. Ya zagaya yana duba tsawo da faɗi, har ya zo gindin mangwaro ya ja ya tsaya. Ya ce, “Wannan fa?” Ɗan Kaka ya yi ta bayani, ya ce ba kabari ba ne, rami ne aka cike. Mutumin bai yarda ba, ya ce mai sayarwa ba ya rasa abin faɗa. Ya juyo ya dube mu, idonsa ya tsaya a kaina, wataƙila don ni ce babba, wataƙila don hijabin.

“Baiwar Allah, ke kina gidan nan. Tsakaninki da Allah, akwai mutum a nan?”

Maman 'yan biyu ta matse mini hannu har na ji ƙashina. Yarana suna bakin ƙofar ɗakin ƙarshe suna kallona. Ɗan Kaka bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Na san in na ce e mutumin zai koma motarsa. Na kuma san gobe za a kawo shebur a tone, a kawo wani mai sayen. Amma ba wannan lissafin ne ya buɗe bakina ba. Ya haɗa ni da Allah, a kan kabarin da na so da raina a ce tana ciki.

Na ce, “Babu kowa a ciki.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ya juya yana tambayar ɗanta ko mangwaron zai yi wuyar sarewa.

An ce mu tashi kafin ruwa ya sauka. Maman 'yan biyu ba ta ƙara yi mini magana ba, kuma ban ce ta yi kuskure ba. Ɗaya ta kai 'yarta babba aikatau, ɗaya ta ce za ta gwada Gwagwalada. Da la'asar har yanzu nakan ji kamar ana taɓa duwatsun murhuna, in leƙa in ga babu kowa, kuma yawancin ranaku da sanyinsu.

Nan da 'yan watanni za a yi katanga a wurin, wani zai zuba kujeru a inda ta ja layi da sandarta, ba zai san an taɓa yin wata tsohuwa a nan ba. Shi ya sa na faɗi wannan, don a sani an yi ta.

Ya Allah, ta roƙi taku kaɗan daga ƙasar iyayenta ba ta samu ba. Ka yalwata mata inda aka kai ta, ka yafe mata bakinta da tabarta, ka saka mata da kowace doya da ta ce za ta lalace. Ka sassauta wa ɗanta, shi ma a matse yake. Mu kuma ka dube mu. Gobe da safe zan sake fita neman ɗaki, kuma na riga na san tambayar da za a fara yi mini.